Gani Ya Kori Ji: Tsokaci a Kan Amanar Sauti

Akwai wata gardama da ba ta tsufa a tsakanin ma'abota sauraren kiɗa da waƙa, wadda duk wanda ya taɓa zama a rumfar mai gyaran rediyo a Kafanchan, ko a inuwar masu tura waƙa a waya a kasuwar Manchok, ya san ta. Gardamar ita ce: wace na'ura ce ta fi fitar da sauti? Dattawa su ce ai tun da aka bar yayin rikoda ƙirar National da Sharp mai lasifika biyu murya ta ƙaura daga duniya, abin da ya rage sai ƙara. Samari su ce tsoho ƙuruciyarsa yake kewa, ya ɗora wa rikoda. Wani ya rantse da faifan garmaho, wani da faifan sidi, wani kuma ya ce duk akwatin da bai girgiza kwanon rufi ba a mayar wa mai shi. A bisa fuska, hira ce ta kashe lokaci. Amma idan mai karatu ya lura da sunan da Turawa suka laƙaba wa irin waɗannan na'urori, wanda aka gutsure ya zama hai-fai, zai ga akwai magana a ƙasa, domin kuwa ma'anar sunan ita ce cikakken riƙon amana. Ke nan da'awar na'urar ita ce an ba ta murya ajiya, kuma za ta mayar da ita kamar yadda aka ba ta, ba ragi ba ƙari. Abin tambaya shi ne, amanar wa aka riƙe, kuma wa zai shaida an riƙe ta?

Wannan da'awa ta girmi kakanninmu. Thomas Edison ya ƙera na'urar ɗaukar murya a Amurka cikin shekarar 1877, kuma daga 1915 kamfaninsa ya shiga zagaya garuruwa yana shirya wani irin gwaji a gaban jama'a. Za a tsayar da mawaƙiya kusa da akwatin faifai, su riƙa rera waƙa tare, can sai ta yi shiru akwatin ya ci gaba, wani lokaci ma a kashe fitilu ta sulale ta bar dandamali. Idan aka kunna fitila sai jama'a su ga ashe akwati ne yake ta waƙa shi kaɗai, su ɗauki tafi, su watse suna cewa babu bambanci. Waɗannan faifai kuwa, da mazurari aka ɗauke su ba tare da makirfon ba, kuma yaron yau da zai ji su sai ya ce daga cikin rijiya ake waƙar. To yaya aka yi dubban mutane masu hankali suka kasa bambancewa? Daga baya ɗaya daga cikin mawaƙan, Anna Case, ta bayyana cewa ita ce take saisaita muryarta ta yi kama da ta akwatin. Watau a maimakon na'ura ta kwaikwayi mutum, mutum ne ya kwaikwayi na'ura. Tun daga nan kowane zamani yake rantsuwa cewa tasa na'urar ta kai ga gaskiya: an faɗa da zuwan dogon faifai a 1948, an sake faɗa da zuwan sidi a 1982, kuma kowane zamani yana yi wa na bayansa dariya.

A ƙasashen Turai da Amurka da Japan, inda wannan sha'awa ta zama sana'a mai mujallu da malamai da mabiya, masu ita sun rabu gida biyu. Gida na farko ya ce kunne ne alƙali. Gordon Holt, wanda ya kafa mujallar Stereophile a 1962, ya gina ta ne a kan cewa a saurari na'ura a faɗi abin da aka ji, ko me awo ya nuna. Mabiya wannan ra'ayi sukan fifita amfilifaya irin ta dā, mai ƙwayayen gilashi masu kama da ƙwan fitila, a kan mai taransista, suna cewa muryarta ta fi ɗumi. Har wayar da ke haɗa amfilifaya da lasifika sun ce tana da tata murya. Gida na biyu ya ce kunne shaida ne, amma shaida mai karɓar toshiya, don haka kafin a saurare shi sai an rufe wa mai shi ido.

Da aka rufe idon kuwa, abin da ya fito ba daɗin ji ga gida na farko. A 1987 mujallar Stereo Review ta buga sakamakon wani gwaji inda aka daidaita ƙarfin sauti, aka ɓoye na'urori, aka ce masu saurare su bambanta amfilifaya ta dala ɗari biyu da 'yan kai da ta dala dubu goma sha biyu. Amsoshinsu ba su wuce na mai canke ba. A 1994 Floyd Toole da Sean Olive suka gwada lasifikoki iri ɗaya sau biyu, sau ɗaya a fili, sau ɗaya a bayan labule, suka tarar makin da mutane ke bayarwa yana sauyawa da zarar sun ga girman akwati da ƙyallinsa da sunan kamfaninsa, kuma ƙwararru ba su tsira daga wannan ba. A 2007 ma wani mai tona asirin 'yan damfara, James Randi, ya sa dala miliyan ɗaya ga duk wanda zai iya gane wata wayar lasifika ta dala 7,250 daga wata mai sauƙin kuɗi da kunnensa kaɗai, kuma kuɗin ba su bar hannunsa ba. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, yana nufin abin da ido ya tabbatar ya fi jita-jita. A nan karin maganar ta juyo da wata fuska: ganin farashi ne ya kori jin kunne, ya zauna a kujerarsa, ya yanke hukunci da sunansa.

Sai dai kuma kada mu yi saurin yi wa mutumin dariya. Wanda ya sayi waya mai tsada ya ce ya ji bambanci, galibi ba ƙarya yake yi ba, ya ji ɗin. Ji ba a kunne yake ƙarewa ba, a ƙwaƙwalwa yake ƙarewa, ita kuwa tana cuɗa abin da ya shigo da abin da ake tsammani, kamar yadda tuwon gidan uwa ya fi na kowa daɗi ko da masara ɗaya aka niƙa. Daɗin da ya ji nasa ne, babu mai ƙwace masa. Inda laifi yake shiga shi ne lokacin da ya ɗauki abin da ya faru a cikin kansa ya jingina shi ga tagullar da ke cikin waya, sannan ya mayar da shi ma'aunin raina kunnen wasu. Mafi muni kuma shi ne ɗan kasuwar da ya san sirrin yake ci da shi. Tun 1933 Fletcher da Munson suka nuna cewa kunnen ɗan Adam ba ya jin kaurin sauti da siririnsa sosai idan an yi ƙasa da murya, yana ƙara jin su ne idan an ɗaga. Saboda haka in aka jera akwati biyu, wanda aka ɗan ƙara wa murya kaɗan shi zai fi daɗi, ko da mai saurare bai lura an ƙara ba. Mai shagon da ya murɗa wa akwatin da yake son sayarwa ɗan ƙari, da mai awon hatsin da ya bubbuge gindin mudu, sana'arsu ɗaya.

Wani abin da masu gardamarmu ta gida ba su cika kawowa ba shi ne ɗaki. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, kuma idan ya daki bango dawowa yake yi. Ɗakinmu na haya, mai ƙafa goma sha biyu kowace kusurwa, yana da amon da yake kumburawa da kansa, wajen kaɗawa 47 a daƙiƙa, kuma da yake tsawonsa da faɗinsa ɗaya ne, kumburin ninkuwa yake yi. Ga daɓen siminti, ga bango fayau, ga kwano ba silin. A irin wannan ɗaki, labule mai kauri da darduma da janye lasifika daga lungu za su gyara sauti fiye da sauya amfilifaya sau uku. Sannan ga shekaru. Yaro yana jin sauti daga kaɗawa 20 har zuwa 20,000 a daƙiƙa, amma saman wannan tsani yana zubewa a hankali, ta yadda mai shekara hamsin da wuya ya ji abin da ya haura 14,000. Abin da ban tausayi: lokacin da kunne yake da kaifi aljihu ba kome, lokacin da aljihu ya cika kunne ya dushe.

Duk wannan kuwa share fage ne. Mu ɗauka an sami na'urar da ba ta ragi ba ta ƙari, da ɗakin da ba ya sa baki, da kunnen da bai tsufa ba. Me za a gwada sautin da shi a ce ya yi daidai? Harry Pearson, wanda ya kafa mujallar The Absolute Sound a 1973, ya ba da amsa: ma'aunin shi ne sautin kayan kiɗa na zahiri, a wuri na zahiri, ba tare da lasifika ba. Amsa ce mai kyau ga wanda kiɗansa yake da zaure na musamman, inda jama'a ke zama a kujeru su kame baki, ko tari sai an nemi gafara. Mu namu kiɗan ba shi da irin wannan zaure. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, a filin biki yake waƙa da ƙofar fada da gidan rawa, ga maroƙa suna ɗiba, ga mata suna guɗa, ga mai liƙi ya shigo waƙa ta karkata ta bi sunansa. Bakandamiyarsa ma ba sau ɗaya ya rera ta ba, kuma ba a samun biyu da suka zo daidai. Wacce ce ta asali a cikinsu? Haka bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar ɗaya ga Janairu: ƙahonni da ganguna da sawun mafarauta, da amon da ke dawowa daga duwatsu, da ƙurar hunturu a maƙogwaro. Makirfon da aka kafa a gefe ɗaya na filin abin da ya iso gefen nan kawai ya ɗauka, wanda yake tsaye a ɗaya gefen wani biki dabam ya ji.

Aflaton ya taɓa kawo misalin gado, inda ya ce akwai gadon da ke cikin ilmin Mahalicci, akwai wanda kafinta ya ƙera yana kwaikwayonsa, akwai kuma wanda mai zane ya zana yana kwaikwayon na kafinta, don haka mai zane ya yi nisa da gaskiya da mataki biyu. Da zai ga kasuwar kaset ta Ƙofar Wambai a Kano a shekarun 1980 da 1990, da ya rasa yatsun ƙirga matakai. Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, siririn zare ne da ke tafiyar santimita 4.76 a daƙiƙa, kuma duk kwafin da aka yi daga kwafi yana ƙara huci, yana rage kaifi. Waƙar da ta bar Kano ko gidan rediyon Kaduna, kafin ta iso hannun mai shago a Kafanchan, ta hau motar Manchok, ta iya zama jikanyar jikanyar asali. Ga batir yana sanyi, murya tana jan ƙafa. Duk da haka a kan wannan jikanya mutane suka yi kuka, suka yi aure, suka haddace baiti. Narambaɗa ya rasu a 1963, kuma mafi yawan masu ƙaunarsa a yau ba su san shi ba sai ta irin waɗannan naɗe-naɗe masu ƙura. Wa zai tashi ya ce musu ba su taɓa jin Narambaɗa ba?

A ganina malaman hadisi sun fi Aflaton kusa da matsalarmu. Sun yi saɓani tun farko a kan ko wajibi ne mai ruwaya ya kawo lafazi kamar yadda ya ji shi, ko ya halatta ya kawo ma'ana. An san Ibn Sirin da tsanantawa a kan lafazi, an san Hasanul Basari da sauƙaƙawa zuwa ma'ana. Amma waɗanda suka halatta ruwaya da ma'ana ba su bar ƙofa a buɗe ba, sun sa sharaɗi: sai wanda ya san harshe, ya san abin da in an taɓa shi ma'ana za ta jirkice. Irin wannan nauyi ne ya hau kan waɗanda suka fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, aikin da ya fito cikakke a 1932. To kowace na'urar sauti mai ruwaya ce da ma'ana, ko ta amsa ko ba ta amsa ba. Ita kanta fasahar MP3, wadda aka daidaita a farkon shekarun 1990 kuma da ita ake cika mana memori, tana zubar da kusan kashi tara cikin goma na bayanan da ke kan sidi ne, bisa lissafin abin da kunne ba zai lura da rashinsa ba. Tambayar da ta dace da mu ke nan ita ce ta malaman can: abin da aka zubar, yana cikin abin da ke jirkita ma'ana ko ba ya ciki?

Amsar ta danganta da kiɗan, kuma nan ne na rabu da masu cewa ai duk sauti sauti ne, a bar wahalar da kai. Kuntigin Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, tsirkiya ɗaya ce a kan ɗan gwangwani, amonsa siriri ne mai kaifi, yana ratsa ƙaramar lasifikar waya ya fito kusan da ransa. Kalangu ma yana tsira, domin abin da yake faɗa yana cikin hawa da saukar amonsa, yadda yake bin karin harshen Hausa, kuma ko kaset mai huci yana riƙe wannan. Amma a je coci a Manchok ko Kagoro ranar da zumuntar mata ke waƙa, a ji tulun nan da ake dukan bakinsa, wanda amonsa yake shiga ƙirji kafin ya shiga kunne, shi ne kuma yake riƙe da sawun mata gaba ɗaya. A ɗauki wannan a waya a sake kunnawa: muryoyi suna nan, kacau-kacau yana nan, tulu ya ɓace, domin lasifika mai faɗin farce ba ta iya tura iskar da kaurin amo yake bukata. Haka tambarin sarauta yake komawa kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa. Ashe na'ura tana da 'yan gata da 'yan bora a cikin kayan kiɗa. Yaron da ya tashi bai san waƙar zumunta ba sai ta waya, an ruwaito masa ita ne an cire ginshiƙinta, kuma ba zai nemi abin da bai san an cire ba. A nan mai neman lasifika ta ƙwarai yana da hujja, kuma hujjarsa ta fi ta alfahari.

Abin takaici shi ne yadda wannan hujja take rikiɗa a hannunmu ta zama ta ƙara. Da yawa daga cikinmu in sun ce sauti mai kyau, mai ƙarfi suke nufi. Kaurin amo kuwa ba ya sanin iyakar gida, yana ratsa bulo yadda siririn amo ba ya iyawa, don haka abin da ke isa ɗakin maƙwabci dukan ƙirji ne kawai babu waƙar. Ido yana da marfi, kunne ba shi da shi. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, in ji Hausawa, amma sun ƙarasa da cewa maƙwabcin mai akuya ya sayi kura. Akwai dokar hana ƙara ta ƙasa tun 2009, sai dai mai jego da ɗalibi mai jarrabawa da tsoho mai hawan jini ba su san ta da aiki ba. Kuma zancen bai tsaya a gidajen haya ba, ya haɗa da lasifikokin da muke ɗaurawa a kan wuraren ibadarmu, masallaci da coci, kowa yana juya bakin tasa wajen ɗan'uwansa. A yankin da ya san tsadar zaman lafiya kamar kudancin Kaduna, maɓallin ƙara murya ba ƙaramin abu ba ne. Mutum ba zai yi da'awar riƙe amanar mawaƙin da ya mutu ba alhali yana cin amanar maƙwabcin da ke raye a bayan bango.

Akwai kuma wata amana da gardamar ta sha gabanta har ba a ganinta. Yayin da ake musun wace na'ura ta fi, abin da za a sa a cikin na'urar yana ruɓewa. A akwatunan ƙarfe da ƙarƙashin gadaje, daga Manchok zuwa Zonkwa da Kwoi, akwai kaset ɗin da babu kwafinsu a ko'ina: waƙoƙin biki da na noma cikin Sholiyo da Tyap da Gworok da Jju, wa'azin malamai da fastocin da suka riga mu, muryar kaka tana ba da tarihin zuri'a. Shata da Ɗanƙwairo sun sami masu ɗora su a intanet, waɗannan ba su samu ba. Zaren kaset yana cin danshin damina, yana yin fumfuna, yana mannewa. A 2019 hukumar UNESCO tare da ƙungiyar ma'adanan sauti ta duniya suka yi gargaɗi cewa na'urorin karanta irin wannan zare suna ƙarewa, kayan gyaransu ma an daina yi, har suka ambaci wajejen 2025 a matsayin lokacin da aikin kwashewa zai fara gagara. Wannan shekara ta zo.

Aikin kuwa ba ya bukatar wayar dala dubu bakwai. Rikoda mai lafiya yake bukata, a sauya mata bel, a goge kanta da auduga da sifirit, a haɗa ta da kwamfuta, a adana abin da ya fito ba tare da an matse shi ba, a rubuta sunan mai waƙa da garinsu da shekara tun masu sani suna nan. Kada kuma a yi gaggawar wanke hucin da manhaja, domin wankin da ya yi yawa yana tafiya da guɗa da numfashin mawaƙi da muryar 'yan amshi na baya. Wuri ɗaya ne a cikin aikin da kunne yake zama alƙali babu mai ja da shi. A gefen kan rikoda akwai wani ɗan kusa da ake juyawa da siririn sukundireba har sai kan ya yi daidai da yadda aka naɗi zaren tun farko, kuma kowane kaset da nasa saitin. In an kuskure murya ta fito a lulluɓe, in an dace sai ta buɗe tamkar an ɗaga labule. Tsofaffin masu gyaran rediyo na Kafanchan sun iya wannan da ka, suna juyawa suna karkata kai gefe guda, kuma yaran da ke zaune a rumfunansu a yau gyaran waya suke koyo.